Gajeren Fim ɗin Ɗalibi: Yadda Za Ka Gama Shi, Ya Kuma Nema Maka Aiki

Duk shekara ɗalibai na kammala karatun fim da wasan kwaikwayo a Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da wasu makarantun, kuma da yawansu sai sun haɗa ɗan gajeren fim kafin a sallame su. Akasari don maki ake yin sa. Malami ya kalla ya sa hannu, fim ya kwanta a kwamfutar wani har ta lalace. Wannan asarar tana damuna ƙwarai, domin ranar da ka shiga ofishin furodusa a Titin Gidan Zoo ko ka je gidan talabijin neman aiki, takardar shaidarka ba ita za a fara tambaya ba. Cewa za a yi, "Me ka taɓa yi? Mu gani." Saboda haka tun ranar da ka ɗauki biro, ka sa a ranka cewa shaida kake haɗawa, mai nuna kana iya fara abu ka kai shi ƙarshe, kuma wanda ya kalla zai gane inda hannunka ya taɓa. Da "kai" zan yi ta magana, amma ɗalibai mata na ciki dumu-dumu.

Fim ɗin ɗalibi tun a takarda yake fara mutuwa. Yaro ya tashi da kallon Labarina da Izzar So da Daɗin Kowa, sai ya zauna ya rubuta labarin gado da kishi da auren dole da hatsarin mota, mai jarumai goma sha biyar, ya ce zai cusa shi cikin minti goma. Waɗannan shirye-shirye masu dogon zango ne, suna da makonni da watanni na warware zarensu. Gajeren fim abu ɗaya yake iya ɗauka: mutum ɗaya, yana son abu ɗaya, wani abu ya tare masa hanya, kuma kafin a tashi mu ga yadda ta kaya.

Ka nemi Borom Sarret ka kalla, fim ɗin da Ousmane Sembène na Senegal ya yi a 1963, mai tsawon kusan minti 20. Yini ɗaya ne a rayuwar wani mai amalanken doki a Dakar. Ya fito neman na cefane, ya ɗauki wannan ya sauke wancan, ciki har da wani uba da ke ɗauke da gawar jaririnsa zuwa maƙabarta. Daga baya wani mai kwat ya ja shi zuwa unguwar manya inda aka hana amalanke shiga, ɗan sanda ya ƙwace amalanken, ya koma gida hannu rabbana. Shi ke nan labarin. Amma babu abin da bai faɗa ba game da talaka da birni bayan samun 'yancin kai, kuma har gobe ana koyar da shi a makarantun fim. A namu zamanin ma, Akinola Davies Jr. da gajeren fim ya fara jan hankalin duniya: Lizard ya ci babbar kyautar gajerun fina-finai ta bikin Sundance a 2021, sannan a 2025 dogon fim ɗinsa na farko ya shiga jerin fina-finan da bikin Cannes na Faransa ya zaɓa.

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka lissafa abin da ke hannunka. Zauren gidan kakarka, shagon ɗinkin yayanka, baburin abokinka, wata gwaggo da ta iya magana kamar an rubuta mata. A kan waɗannan za ka gina labari. Wanda ya rubuta fitowa a cikin asibiti ko filin jirgin sama, alhali ba shi da hanyar shiga, ya ɗaura wa kansa jakar tsaba. Lokeshan biyu sun isa, uku sun yi yawa. Jarumai uku ko huɗu. A tsarin rubutun fim, shafi ɗaya yana cin kusan minti ɗaya a allo, don haka shafi bakwai zuwa goma shi ne daidai kai. Ka tuna cewa gasar gajerun fina-finai ta Cannes ba ta karɓar abin da ya wuce minti 15, kuma masu shirya kowane biki sun fi samun gurbin cusa fim mai minti takwas fiye da mai minti talatin.

Akwai wata cuta da muka gada daga wasan daɓe da wasan rediyo, ta barin baki ya yi aikin da ido ya kamata ya yi. Jaruma ta zauna ta ce, "Wayyo ni, yau kwana uku ke nan ba mu ɗora tukunya ba." Nuna mana murhun da kaza ta kwanta a cikin tokarsa, ka bar bakinta ya huta. In ka gama rubutu, ka tara abokai su karanta da ƙarfi. Duk jimlar da ta maƙale wa mai karatu a wuya, ko wadda ba za ka taɓa jin Bahaushe ya faɗa a zaure ba, ka soke ta.

Shiri kafin a kunna kamara

Abin da ke cinye yinin ɗauka shi ne shawarar da ba a yanke ba tun a gida. Ka zauna da mai ɗaukar hotonka ku rubuta kowane shot da kuke buƙata, fitowa bayan fitowa: wannan daga nesa, wannan kusa da fuska, wannan hannu kawai yana ƙirga kuɗi. In ba ka iya zane ba, ku je wurin da waya, abokai biyu su tsaya a matsayin jarumai, ku ɗauki hotuna ku jera su. Ku sa alama a kan waɗanda in babu su labarin ba zai tsaya ba, domin su za a fara ɗauka in rana ta yi gudu.

Ka je lokeshan a daidai lokacin da za ku yi aiki, ka tsaya shiru, ka saurara. Gidan da ke tsit da hantsi, mai yiwuwa akwai injin markaɗe a bayan katangarsa da ke tashi ƙarfe huɗu, ko makarantar allo da ake buɗewa bayan la'asar. Ka tsara jadawali da lokutan salla a ciki, don mutanenka su samu jam'i, kuma don lasifikan masallatai ba za su jira ka gama fitowa ba.

Izini kuwa, ka neme shi da ƙafarka da ladabinka. Karɓi wasiƙa daga sashenku, ka kai wa mai unguwa, ka durƙusa ka gaishe shi: "Ranka ya daɗe, ɗalibai ne mu, aikin makaranta aka ba mu. Ranar Asabar muke so mu yi a ƙofar gidan Alhaji, daga hantsi zuwa la'asar, mu goma ne, kuma ba za mu tare hanya ba." Ka faɗi gaskiyar adadinku da gaskiyar lokacin, domin maigidan da aka ce wa awa biyu ya ga magariba ta yi ana jan waya a tsakar gidansa ba zai sake buɗe wa wani ɗalibi ƙofa ba. In a Kano kake, akwai Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, wadda ke aiki tun 2001. Ka sa malaminka ya taimake ka ka san abin da take buƙata kafin ka fito da kamara bainar jama'a. Kowane jarumi ya sa hannu a 'yar takarda cewa ya yarda a nuna fim ɗin a bukukuwa da intanet. In yaro ne, mahaifinsa ko mahaifiyarsa su sa.

A kasafin kuɗi, abinci da kuɗin mota su ne gaba da komai. Mutanen da ke yi maka aiki kyauta, ka ciyar da su a kan lokaci, ka mai da su gida lafiya. Ka kuma ɓoye wani abu don bayan ɗauka, saboda ɗalibai da yawa kan ƙarar da kuɗinsu kaf a kan hayar kamara, sai a zo editin babu ko na sayen data.

Sauti

A nan zan daɗe, don a nan ne aka fi faɗuwa. Mai kallo yana yafe hoto mai ɗan duhu ko mai ɗan rawa. Abin da ba ya yafewa shi ne ya kasa jin abin da ake faɗa. Makirfon da ke jikin kamara ko waya ɗakin gaba ɗaya yake ɗauka, da amon bango da kukan fanka, muryar jarumi kuwa ta zo daga nesa kamar daga cikin rijiya. Maganin abin shi ne kusanci. Ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a jona shi da wata wayar da ke cikin aljihun jarumi, ya fi makirfo mai tsada da ke can gefen ɗaki. A kula da mayafi da hijabi da sarƙa, domin in suna gogar makirfon za ka ji ƙarar kamar ana yaga takarda. In da sandar makirfo kuke aiki, mai riƙe ta ya sauko da ita har sai mai kamara ya ce ta shigo hoto, sannan ya ɗaga kaɗan.

Ka ware mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai sauraro, da abin ji a kunnensa, kuma ka ba shi ikon tsai da ɗauka. In ya ce A Daidaita Sahu ya wuce a tsakiyar maganar, a sake, ko da wasan ya yi kyau. Janareta a kai shi nesa, bayan katanga, a ja doguwar waya. A kashe fanka da firji. Wata dabara da masu sauti ke yi ita ce su jefa makullin motar furodusa cikin firjin da suka kashe, don kada a watse a bar wa matar gida nama ya lalace. Kafin kowace ɗauka, wani ya tsaya gaban kamara ya faɗi lambar fitowa da ta shot, ya tafa hannu sau ɗaya. Da wannan tafin edita zai haɗa sauti da hoto su zauna daram. Bayan an gama da kowane ɗaki, kowa ya yi tsit na minti ɗaya a naɗi shirun wurin. Kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma da shi edita zai cike gurbin da ke tsakanin maganganu don kada sautin ya riƙa tsalle.

Batun kamara ba ya buƙatar dogon bayani. Wayar zamani mai kyau ta isa, in an san hannunta. A kwantar da ita, a sa ta a kan ƙafa, a kashe layin kira, a goge gilashin, a kulle haske da saitin gani don kada su riƙa canzawa da kansu. Wutarmu a Nijeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka ɗauka a kan hoto 25 a daƙiƙa ita ke hana fitilu yin ƙyafta-ƙyafta a allo. Ranar tsaka tana zuba inuwa a kwarmin ido, don haka fitowar waje a yi ta da sassafe ko bayan la'asar, a kuma yi sauri, domin a ƙasarmu rana ba ta jinkirin faɗuwa. A cikin ɗaki, a zaunar da jarumi kusa da taga ko ƙofa, a sa farin kwali a ɗaya gefen ya mayar masa da haske. Ka roƙi jarumai su bar farar shadda a gida. Kamara ba ta iya riƙe fari ƙal da baƙar fata a lokaci ɗaya: ko rigar ta ƙone, ko fuskar ta nutse. Ruwan madara, ruwan toka ko shuɗi mai haske sun fi. Yadi mai ƙananan ratsi shi ma yana rawa a hoto.

In mutum biyu na magana, ka ɗauka akwai igiya daga hancin wannan zuwa na wancan, kuma kamara ta tsaya a gefe ɗaya na igiyar har a gama fitowar. In ka tsallaka, a allo za a ga dukansu suna kallon gefe guda kamar ba da juna suke ba. Mai kula da kwantiniti kuma ya riƙa ɗaukar hoto da waya: ta wane gefe aka karya hula, a wace kafaɗa mayafi yake, ina shayi ya tsaya a kofi.

Sau da yawa ɗalibi kan samu wani dattijon ɗan wasa ya zo taimaka masa, sai kunya ta hana shi gyara. Gyara cikin ladabi ba raini ba ne, kuma su ma sun fi son daraktan da ya san abin da yake nema. Kada ka tsaya daga bayan kamara ka ɗaga murya. Ka matsa kusa, ka rage tsawo, ka ce, "Baba, ya yi kyau ƙwarai. A ƙara mana ɗaya don Allah. Wannan karon kamar ba ka so yaron ya gane ranka ya ɓaci." Ka ba ɗan wasa abin da zai yi, kada ka ce masa "ƙara fushi" ko "rage kuka".

A teburin edita

Daren da aka gama ɗauka, kafin kowa ya kwanta, a kwafe komai zuwa wuri biyu daban, kuma kada su kwana a jaka ɗaya. Kada a goge memori sai an buɗe abin da aka kwafa an tabbatar yana tafiya. Manhajar DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta wanda ya ishi kowane ɗalibi yanka da gyaran launi da sauti, Audacity ma kyauta ce.

Haɗin farko kullum yakan yi tsawo, kuma yakan sa darakta baƙin ciki. Haka abin yake ga kowa. Ka bar shi ya kwana biyu, ka dawo da wuƙa. Gaisuwar da ta ɗauki rabin minti, tafiyar jarumi daga ƙofa zuwa kujera, shot ɗin da kuka sha wuya a kansa amma bai ƙara wa labarin komai ba, duk su fita. Shiga fitowa a makare, fita da wuri. Sannan ka nemo mutum biyu ko uku da ba su san labarin ba, waɗanda ba sa jin nauyinka, ka kunna musu ka yi shiru. Kada ka yi bayani. In an gama ka ce su ba ka labarin abin da suka gani. Inda suka ɓata, da inda hannunsu ya tafi neman waya, nan ne aikinka yake.

Kada ka ɗora kiɗan fim ɗin Indiya ko waƙar wani mawaƙi don kawai ta dace. YouTube na da na'urar gano kiɗan da ke da mai shi, kuma bukukuwa na sa ka tabbatar cewa duk abin da ke cikin fim ɗin kana da izininsa. Ka nemi mai gurmi ko mai sarewa, ko abokinka mai situdiyo, ya yi maka na kanka, ku rubuta yarjejeniya. Fim ɗin Hausa kuma sai da fassara a ƙasan allo in ana so ya yi tafiya: Turanci, da Faransanci in kana hangen Yamai ko Wagadugu. Layi biyu kawai a lokaci ɗaya, kowanne kada ya wuce harafi 42 ko kusa da haka, kuma wanda ya iya harshen sosai ya duba maka. Sunayen ma'aikata a ƙarshe su zama gajeru, a rubuta sunan kowa daidai. In kai ka rubuta, ka ba da umarni, ka kuma yi editin, ka haɗa su a layi ɗaya.

Kada ka yi gaggawar sakin fim ɗin ga kowa a intanet, domin wasu bukukuwan ba sa karɓar abin da duniya ta riga ta gani. Ka ɗora shi a ɓoye, sai mai adireshin kaɗai zai iya buɗewa. Ta shafin FilmFreeway ake aika wa yawancin bukukuwa. Wasu kyauta ne, wasu da dala ake biya, kuma ba laifi ka rubuta musu cewa kai ɗalibi ne ka roƙi a ɗauke maka kuɗin. Fara da na kusa: Zuma a Abuja, wanda Hukumar Fina-finai ta Nijeriya ke shiryawa, da bikin Kaduna, da AFRIFF a Legas. FESPACO na Wagadugu, wanda aka fara a 1969 kuma ake yi duk bayan shekara biyu, yana da rukuni na musamman don fina-finan makarantun Afirka. Wanda ya fara cin babbar kyautarsa a 1972 ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda.

Kundin nuna aiki

Da farko ka yanke shawarar abin da kake so a kira ka a kansa. Wanda ya ce shi darakta ne, mai kamara, edita, marubuci, kuma jarumi, furodusa ba zai san ranar da zai tuna da shi ba. Zaɓi ɗaya ka sa a gaba. Kuma ka sani cewa masu sauti da masu haske da editoci nagari sun fi daraktoci ƙaranci, don haka ƙofarsu ta fi saurin buɗewa.

Ka haɗa ɗan faifai na minti ɗaya zuwa biyu daga mafi kyawun ayyukanka, mafi ƙarfinsu a daƙiƙun farko, sunanka da lambarka a farko da ƙarshe. Mai kamara ya nuna fuska da dare da rana, ciki da waje. Edita da darakta kuwa guntaye masu walƙiya a kan kiɗa ba sa nuna iyawarsu. Su sa fitowa guda cikakkiya, a ga yadda suke riƙe magana tsakanin mutum biyu. A ƙasan kowane yanki ka rubuta sunan fim, shekara, da ainihin abin da ka yi. In mataimakin mai kamara ka yi, ka rubuta hakan. Masana'antar nan ƙarama ce, kowa ya san kowa, kuma kiran waya ɗaya ya isa a gano wanda ya ɗauki hoton da kake taƙama da shi.

Fim ɗaya ba ya cika kundi, shi ya sa nake ba ɗalibai shawara su yi aiki a fina-finan 'yan ajinsu gwargwadon iko: yau riƙe sandar makirfo, gobe kwantiniti, jibi editin. Amma tun kafin a fara ka yi magana da mai fim ɗin cewa za ka karɓi kwafi mai inganci na ɓangaren da ka yi, domin bayan an watse daga makaranta nemo shi sai an sha wuya. Ka adana takardunka ma: rubutun labari, jerin shot, jadawali, kasafin kuɗi, da hotuna biyar ko shida masu kyau daga fim ɗin da na bayan fage. Masu ba da tallafi da masu shirya horo sukan nemi irin waɗannan, tare da bayanin fim a jimla biyu da tarihinka a shafi ɗaya.

Duk wannan ya zauna a adireshi ɗaya da ke buɗewa a waya ba tare da neman izini ba. Ka gwada shi a wayar wani kafin ka tura. Kada ka aika bidiyon kai tsaye ta WhatsApp, domin matse shi yake yi har hoton da ka wahala a kansa ya dagule. Saƙon ya zama gajere: sallama, sunanka, inda ka yi karatu, aikin da kake nema, adireshin, da wanda ya haɗa ku in akwai. In mako biyu ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, sannan ka tura wa na gaba. Duk lokacin da ka yi sabon aiki da ya fi na baya, ka cire mafi raunin abin da ke cikin faifan ka sa sabon a gurbinsa, tsawon kuma ya tsaya yadda yake.